Ƙananan Kalmomi Masu Wuyar Kamu: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karo sun taru ne a kan ƙananan kalmomi masu harafi biyu ko uku, na Turanci da na Hausa. Ta farko daga Zariya ta fito, daga wani ɗalibi mai shirin jarrabawar gama sakandare. Ya ce: "Malam, na haddace manyan kalmomin Turanci da yawa, amma kullum a kan 'the' da 'a' da 'of' malaminmu yake sa mini jan biro. Na duba ƙamus, ban ga ma'anarsu ta zauna ba. Mene ne 'the' da Hausa?"

Ɗana, laifin ba naka ba ne, ba kuma na ƙamus ba. Kalmomin kowane harshe kashi biyu ne. Akwai masu ɗauke da ma'anarsu a jikinsu, irin su doki da kasuwa da gudu, waɗanda ko su kaɗai aka furta ka san abin da ake nufi. Akwai kuma waɗanda aikinsu ɗaure sauran ne, kamar igiyar damin gero: ba ita ake ci ba, amma in ta tsinke dami ya watse. "The" da "a" da "of" suna cikin kashi na biyu, shi ya sa ba a kama ma'anarsu sai a cikin jimla.

Su ne kuma aka fi furtawa. A Jami'ar Brown ta Amurka an tattara rubuce-rubucen Turanci da aka buga a 1961, kalmomi kimanin miliyan 1, aka ƙirga su. "The" ta fito kusan sau 70,000, wato wajen kashi 7 cikin 100 na dukkan rubutun. "Of" ce ta bi mata da sama da sau 36,000, sai "and" da kusan 29,000. Tun a 1935 George Zipf na Jami'ar Harvard ya nuna cewa kalmar da baki ya fi yawan furtawa ita ta fi gajarta. Ka saurari Hausarka ka ji: da, ba, na, ya, ta, a. Ke nan ɗalibin da bai iya "the" ba, a kusan kowane layi zai yi tuntuɓe, komai yawan manyan kalmomin da ya haddace.

In ka taɓa zama gaban malami aka biya maka nahawun Larabci, ka riga ka san rabin amsar, domin zancen nakira da ma'arifa ne. "A book" shi ne kitabun, "the book" shi ne al-kitabu. Hausa ma tana da nata, sai dai a ƙeyar kalma take maƙala shi. In na ce "na ga yaro", ban ware kowa ba. In na ce "na ga yaron", ni da kai mun san wanda nake nufi, don an riga an yi zancensa. Haka mota da motar, haka bas da bas ɗin. Wannan -n ko -r ko ɗin shi ne mafi kusa da "the".

Amma kusa na ce, ban ce daidai ba. Bahaushe yakan ce "rana ta faɗi", ba ya sa mata -r, don rana ɗaya ce ba ta buƙatar a fayyace ta. Bature kuwa saboda ɗayantakar tata ne ma yake cewa "the sun". Sunan gari ba ya ɗaukar "the", ba a cewa "the Kano", amma sunan kogi yana ɗauka. Don haka "Niger" ƙasar Nijar ce, "the Niger" kuwa Kogin Kwara ne. Harafi uku sun raba ƙasa da ruwa.

Ita kuma "a" asalinta "an" ce, daga tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin "ɗaya". Da tafiya ta yi tafiya sai n ɗin ya zube a gaban baƙi, ya saura a gaban wasali. Sauti ake bi, ba harafi ba: "an hour" domin ba a furta h ɗin, amma "a university" domin da sautin y take farawa. Kada ka ɗauka kullum "wani" take nufi. "He is a teacher" shi ne "malami ne", ba "wani malami ne" ba. Daga nan kuskuren "I am student" yake fitowa, tun da mu ba ma buƙatar komai a wannan gurbi.

Akwai wani abu da nake so ka sani a kan wannan n ɗin. Rigar da masu dafa abinci ke ɗaurawa a gaba, a tsohon Turanci "napron" ce. Mutane suka yi ta cewa "a napron" har kunne ya ji "an apron", n ya koma maƙwabta ya zauna. Mu ma mun yi irin haka da "al" ta Larabci, sai dai mu haɗiye ta muka yi ɗungurungum. Al-qalam ya zama alƙalami, al-basal ya zama albasa, al-lauh ya zama allo. A wasu kalmomin l kaɗai ya rage: labari daga al-khabar, lokaci daga al-waqt, liman daga al-imam, littafi daga al-kitab. Duk wanda ya ce "littafin", ya fayyace littafi sau biyu bai sani ba, da Larabci a goshi, da Hausa a ƙeya.

"Of" ta fi sauƙi, don sau da yawa ita ce na da ta ɗinmu: gidan sarki, tsoron kare. Inda gumi yake shi ne "in" da "on" da "at", domin "a" ɗinmu guda ɗaya tana yin aikin ukun. A Kano "in Kano" ne, a ranar Juma'a "on Friday", a kasuwa "at the market". Shawarata ita ce ka daina haddace su su kaɗai. Ka riƙe su tare da abokan tafiyarsu, "afraid of", "depend on", "good at", yadda yaro ke koyon "gaji da" da "dogara ga" ba tare da an fassara masa "da" ko "ga" ba.

Wani Alhaji daga zangon Kumasi ya aiko da ƙorafi. Ya ce jikansa in yana Turanci "you" yake ce masa, kalmar da yake kiran abokan wasansa da ita. Ko wannan ba raini ba ne?

Alhaji, ku kwantar da hankalinku, yaron bai yi rashin kunya ba. A da Turanci yana da "thou" ta mutum ɗaya, da "ye" ko "you" ta jama'a. Sai aka riƙa kiran babba da ta jama'a don girmamawa, yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Girmamawar ta yi ta yaɗuwa har a ƙarni na 17 "thou" ta fita daga Turancin yau da kullum, ta saura a littattafan addini da waƙa da wasu kare-karen harshe na arewacin Ingila. Saboda haka kalmar girmamawar ce ta wanzu. Hausa ta fi wadata a nan, tana da kai da ke da ku, kuma ina roƙonku ku riƙa yi wa jikan nan Hausa a gida don kada wannan bambanci ya kuɓuce masa.

Tambaya ta uku daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi: "Malam, ana cewa 'kowa ya ci zomo ya ci gudu'. Cin zomo na gane, amma yaya ake cin gudu?"

Malama, kin taɓo kalmar da ta fi kowace faɗi a Hausa a ganina. Gwanintar wannan karin magana ita ce an sa "ci" sau biyu, kowace da fuskarta. Ta farko cin baki ne. Ta biyu tana nufin yin abu har ya kai matuƙa, jiki ya ji, kamar yadda ake cewa ta ci ado, ko ya ci kuka ya ƙoshi. Zomo ba ya tsayawa a kama shi, wanda duk kika ga yana gasa namansa ya keta daji. Ana faɗarsa ne in an ga mutum cikin ni'ima, don a tuna wa mai hassada cewa da wahala aka samo.

In kika bi sawun "ci" za ki ga hanyoyi biyu manya. Wanda ya ci abu ya mallake shi, ya rinjaye shi, shi ya sa ake cin jarrabawa da zaɓe da riba da gado da sarauta da ƙwallo. Abin da aka ci kuma ya ƙare, ya lalace, shi ya sa ake cin amana da mutunci da zarafi, wuta ta ci gida, aiki ya ci kuɗi. Wani lokaci duka biyun sukan haɗu, kamar a "abin da ya ci Doma ba ya barin Awe". Doma da Awe garuruwa ne da ke jihar Nasarawa a yau, kuma maganar gargaɗi ce ga mai kallon masifar maƙwabci yana ganin shi ya tsira.

Ƙawarta "sha" ta fi karkata ga abin da ya sauka a kan mutum, ko yana so ko ba ya so: shan wahala, shan duka, shan kaye, shan rana. Ki lura, mai nasara ci yake yi, wanda aka kayar kuwa sha yake yi. Amma ba kullum ba, don ana shan iska, kuma sai an sha wuya akan sha daɗi. Tana da wani aikin ma na daban, na nuna maimaici: na sha faɗa maka. Ga ɗalibanki masu koyon wani harshe, ki ja kunnensu cewa mu mangwaro da rake da lemo shan su muke yi, Bature da Bafaranshe kuwa ci suke yi.

Wannan faɗi ba Hausa kaɗai ke da shi ba. A bugun 1989 na babban ƙamus na Oxford, "set" ce ke kan gaba da ma'anoni 430. Da aka sake bitar "run" a 2011, ma'anoninta na aikatau (kalmar aiki) kaɗai sun kai 645. Gajeren aikatau tsoho ne, ya daɗe a bakin mutane, kowane zamani ya ɗora masa nasa kayan. Ki dubi "in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba". Ga, ƙi, sa, zo: gaɓa ɗaiɗai ne duka, kuma da su kaɗai aka faɗi cewa mai taurin kai bai gamu da wanda ya fi ƙarfinsa ba ne tukuna.

Ta ƙarshe daga Gusau take. Mai tambayar ya ce suna gardama da abokinsa a kan "da na sani ƙeya ce". Abokin ya dage cewa "da" ɗin nan ita ce ta "zamanin da", wato "a can baya na sani".

Malam, kai ke da gaskiya. Kalmomi uku ne mabambanta rubutun boko ya sa wa riga ɗaya. Ta "ni da kai" wasalinta gajere ne, da karin ƙasa. Ta "zamanin da" wasalinta dogo ne, muryar kuma daga sama take faɗowa. Ta "da na sani" doguwa ce ita ma, amma a ƙasa take tun daga farko har ƙarshe, kuma aikinta buɗe zancen abin da bai faru ba: da na sani, da ban je ba. An ce mata ƙeya domin a baya take, mutum ba ya ganin ta sai ya wuce wurin.

Ka gwada wa abokinka waɗannan biyu da baki: "da ya zo sai muka tafi", da kuma "da ya zo da mun tafi". A ta farko mutumin ya zo, a ta biyu bai zo ba. Ko yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita su in ya ji, a takarda ne kawai suke kama. Akwai kuma ta zaɓi, wadda ke tafiya da gara ko gwamma: da mugun rawa gara ƙin tashi, da babu gara ba daɗi. Ajami ya ɗara boko a wannan fage, don yakan nuna tsawon wasali. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna tsayi da karin sauti duka, saboda haka in gardamar ta ƙi ƙarewa ku nemo shi.

Ina ganin matasa a Facebook da WhatsApp suna rubuta "dah" ko "daa" don su raba waɗannan kalmomi. Na fahimci abin da ya sa, amma ban goyi baya ba, domin kowa da yadda yake ƙara nasa harafin, kuma h ɗin ya fara bin "ka" da "na" da "ba" inda babu wata rikitarwa. Jimla ta isa ta raba gardama. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ƙa'idar rubutu ta riga ta warware amma ake sakaci da shi: a rubuta "da" a gurbin "ɗa", ko a haɗe "a kan tebur" ta koma "akan", alhali "akan" ta sabo ce, kamar a "akan yi ruwa a watan Agusta". Allon rubutun Hausa mai ɗ da ƙ da ɓ yana nan a wayoyin zamani, cikin saitin harshe ake ɗauko shi.