Zan je kasuwannin Kirsimeti a Jamus, wane kaya zan haɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a birnin Nurnberg na ƙasar Jamus, ya gayyace mu ni da ƙanwarsa mu je mu yi mako biyu a watan Disamba, ya ce zai zaga da mu kasuwannin Kirsimeti. Biza ta riga ta fito. Ni dai in ban da Umara ban taɓa fita waje ba. Me zan zuba a akwati, kuma me ya kamata in sani? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Fara da cire hunturun Kano daga lissafi. Namu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma da hantsi ya yi an ajiye rigar sanyi. A Nurnberg cikin Disamba ma'auni yana yawo ne kusa da sifili, wani lokaci ya gangara ƙasa, ga yayyafi mai danshi, rana kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Kasuwar nan a fili take, rumfunan katako ne masu rufin ja da fari a dandalin tsakiyar gari, babu ɗaki babu kujera. Mai tafiya da sauri jikinsa na ɗumama, ku kuwa tsayuwa za ku yi gaban rumfa awa biyu ko uku a kan daɓen duwatsu, sanyi yana shigowa ta tafin ƙafa.

Don haka in kuɗi ba su da yawa, takalmi za ki fara saya. Sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda ruwa ba ya shiga, kuma ya ɗan fi ƙafarki girma domin safa mai kauri ta samu wuri. Takalmin da ya matse yana hana jini gudana, sai yatsu su sandare ko da safa uku kika sa. Ki fara takawa da shi a gida kwana biyar ko shida, kada ranar farko a Jamus ta zama ranar da takalmi zai ji miki ciwo. Safa ta ulu, ƙafa huɗu sun isa. Ta auduga in ta sha gumi riƙe shi take yi, ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Wajen tufafi, mutanenmu kan yi kuskure guda: su sayi ƙatuwar riga ɗaya su ɗora a kan atamfa, su ce an gama. Ita iska ta ƙarƙashin zane take bi. Hawa uku ake yi. Na ciki riga da wando masu kama jiki, irin waɗanda aka yi domin riƙe ɗumi. Na tsakiya suwaita. Na waje doguwar kwat mai tare iska da ruwa, wadda ta kai gwiwa. Abayarki ko doguwar rigarki tana zama daidai a kan wandon ciki, ba sai kin sauya shigarki ba, sai dai kada ta riƙa jan ƙasa, domin titi jiƙe yake. Amfanin hawa-hawan nan za ki gan shi da zarar kin shiga jirgin ƙasa ko kanti, inda ake hura ɗumi har mutum ya fara zufa. Hijabi mai kauri da hula a ciki yana rufe kunne da wuya, sai a ƙara safar hannu. Kwat ɗin ana samu a gwanjon Ƙofar Wambai, amma ni dai ɗanki zan bar wa wannan, ya saya can ya tarye ku da su a filin jirgi. Ya fi sanin irin da ake buƙata, kuma akwatinki ya huta.

Man kaɗe ki tafi da shi, leɓe da dunduniya za su gode miki. Ki sa shi a babban akwati. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa ki bar su a gida, komai son da yaron yake musu. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, kwastam za su ƙwace, har tara suna iya ci. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, sai da adafta. Sanyi yana zuƙe batirin waya da wuri, ki riƙe fawa-banki, shi kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi. Takardar inshorar lafiyar da kika nemi biza da ita da wasiƙar gayyata su kasance a hannunki, jami'in shige da fice yana iya tambaya.

A cikin kasuwa ki riƙe tsabar Yuro, ƙananan takardu da sulalla, domin rumfuna da yawa ba sa karɓar kati, banɗaki ma biya ake yi. Jaka a gaba, ƙarƙashin kwat, saboda cunkoson yamma. Abin shan da za ki ga kowa yana riƙe da shi yana tururi, Glühwein, giya ce da aka ɗumama. Wanda babu giya sunansa Kinderpunsch. Za a caje ki ƙarin 'yan Yuro a kan kofin, jingina ce, in kin mayar a ba ki kuɗinki, in kin so ki tafi da shi tsaraba. Ƙananan tsiran da Nurnberg ta yi suna da su naman alade ne. Akwai almon da aka soya da sukari, da gasasshen Maroni, wani ɗan itace mai ɓawo, da wainar dankali, ga Lebkuchen, biskit mai kayan ƙamshi da garin ke alfahari da shi. Burodin Stollen a tambaya tukuna, sau da yawa ana jiƙa zabibinsa da giya.

Salla ma tana son shiri, don Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin kimanin awa huɗu. Ki yi alwala kafin ku fita, ki sa 'yar ƙaramar darduma da gorar ruwa a jaka, domin buta babu ita a banɗakunansu.

Sai kwanakin tafiya. Kasuwar Nurnberg tana buɗewa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba ta rufe ranar 24 ga Disamba, ranakun 25 da 26 hutu ne, kantuna kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. In da hali ku leƙa ta Munich, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa mai sauri. Ta Dresden, wadda ake ci tun 1434, ta fi nisa, sai da kwana. Ku shiga kasuwa a tsakiyar mako wajen ƙarfe uku, ku ga kaya da sauran haske, ku tsaya a kunna fitilu, ku kama hanyar gida kafin ma'aikata su taso.