Hukuncin ɗora daraja a kan kamanni a ƙagaggen labari

Tambaya: Malam, ina rubuta labarin wata masarauta da babu ita a duniya, inda ake haihuwar 'yan gidan sarauta da farin gashi, bayi kuwa gajeru ne masu duhun fata, kuma da kamannin ake gane ɗan halak. Shin akwai laifi a cikin hakan?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ƙago labari halal ne, 'yar'uwa, matuƙar mai karatu ya san ƙage ne, kuma bai ƙunshi batsa ko shirka ba.

Gadon kamanni gaskiya ne, sai dai ba ya tafiya a miƙe kamar yadda labarinki ya ɗauka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo wurin Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi, sai Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, kuma wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi daga kakanni. Annabi ya ce to shi ma ɗan nasa haka ne, bai kuma ba shi damar kore shi ba. Abin da masanin kimiyya Gregor Mendel ya bayyana a 1865 bayan gwajinsa a kan tsirrai ke nan: siffa tana ɓuya a iyaye ta bayyana a jikoki. Saboda haka ki guji mayar da saɓanin kamanni hujjar shegantawa, domin mai karatu yana iya komawa gida da wannan zato ya ɗora shi a kan matarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaure mutunci da launi. Allah ya ƙirga bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22, kuma a Hujurat, aya ta 13, ya rataya fifiko a kan taƙawa. Idan labarin ya tabbatar da cewa baƙin fata alamar bauta ce, kuma hankali da jarunta a jinin sarauta kaɗai suke, wannan bai halatta ba, musamman a al'ummar da har yau ake hana ɗan mahauci ko ɗan maƙeri aure saboda asali. Idan kuwa fadawan labarin ne suka yarda da wannan ƙarya, labarin kuma ya nuna zaluncinta, to babu laifi, kuma ina fatan ki samu lada. Allah ne mafi sani.