Tambaya da amsa: Ina da girin kad a Texas, zan iya rataya bindiga a fili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Kano ne ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka shekara shida kenan, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ina aikin dare a wani gidan mai, ƙarshen mako kuma ina ɗan taɓa Uber. Watan jiya wasu yara suka shigo mana da bindiga suka kwashe kuɗin dirowa, wallahi tun ranar bana samun barci. Ina ganin turawa suna shigowa shago da fistol a ƙugu a fili ba mai ce musu kanzil, abokin aikina yace wai yanzu ko lasin ba'a buƙata. Shin nima zan iya saya in rataya haka? Kuma in ɗan sanda ya tsayar dani ina ɗauke da ita me zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wannan jarabawa, Allah ya tsare gaba.

Abokin aikinka gaskiya ya faɗa amma rabinta ya faɗa. Tun 1 ga Satumba 2021 dokar Texas ta yarda duk wanda ya kai shekara 21 kuma babu wani laifi da ya haramta masa riƙe makami, ya ɗauki ƙaramar bindiga ko a ɓoye ko a fili ba tare da lasin ba, sharaɗin dai in a fili ce dole ta kasance cikin kubenta, ba wai ka soke ta a wando kamar 'yan fim ba, haka ma cikin mota in ana hangota dole tana cikin kube. Kafin nan daga 2016 sai mai lasin ne kawai ke iya ratayawa a fili. Mai girin kad kuma dokar tarayya bata hana shi saye ba, zaka je shagon bindigogi ka cika fom 4473 a binciki sunanka, in ba matsala a baka. Fom ɗin yana tambayar ko kana shan wiwi, ko an taɓa samunka da laifin dukan iyali, to ƙarya a wannan takarda ita kanta babban laifi ce. Wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara shi kam an haramta masa, banda wasu 'yan togaciya kamar mai lasin farauta, saboda haka in kana da ɗalibi a ɗaki kada ka bar masa ita a inda hannunsa zai kai, kada ma ka miƙa masa wai ya ɗauki hoto.

To ga rabin da bai faɗa maka ba, kuma dan Allah nan zaka tsaya ka karanta sau biyu. Baturen da kake gani da fistol a ƙugu ɗan ƙasa ne, in ya yi kuskure ya shiga da ita inda aka hana, tara ce ko ɗauri ya gama ya koma gidansa. Kai kuwa akwai sashe na 237(a)(2)(C) a dokar shige da fice, wanda yace duk baƙon da kotu ta samu da laifin da ya shafi bindiga ana iya korarsa daga ƙasar, babu ruwan sashen da cewa laifin ƙarami ne ko babba, babu ruwansa da shekarunka nawa a nan ko 'ya'yanka nawa aka haifa a Houston. Kaga kenan titi ɗaya kuke bi amma ba takalmi ɗaya kuka sa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuma wuraren da aka hana suna da yawa fiye da yadda mutane ke zato. Makarantu, kotuna, rumfar zaɓe ranar zaɓe, ciki-cikin filin jirgi, wurin wasan ƙwallo na ƙwararru, gidan waya da sauran gine-ginen gwamnatin tarayya. Akwai allo mai jan rubutu 51% da ake liƙawa a ƙofar wuraren da yawancin cinikinsu giya ce da ake sha a wurin, shiga nan da bindiga laifi ne da ɗaurinsa ke kamawa daga shekara 2 zuwa 10, nasan zaka ce kai me zai kaika mashaya, to wani lokacin gidan abinci zaka ɗauka ne ka shiga karɓar saƙo ko kama ruwa. Sai allunan masu shago da ake ganewa da lambar sashen doka, 30.07 na hana ratayawa a fili, 30.06 na hana ta ɓoye, 30.05 na hana wanda bashi da lasin, kuma ko babu allo mai wuri ya ce ka fita da ita to ka fita kawai banda musu. Masallaci ma haka yake, kwamiti nada ikon hanawa. Mai gidan man da kake wa aiki shima yana da ikon hana ma'aikatansa, ka tambaye shi tukuna kafin ka kashe kuɗinka, Uber kuwa ƙa'idarsu ta hana direba da fasinja ɗaukar bindiga lokacin aiki, ba ɗauri bane amma zasu iya rufe maka akawun.

Wani tarkon da kusan ba mai maganarsa, dokar tarayya ta 1990 ta hana riƙe bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga harabar makaranta, wajen mita 300 kenan, amma ta cire wanda yake da lasin jihar. Kai da ke tuƙi a Houston lissafa makarantu nawa kake wucewa a rana. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zance maka ka manta da zancen ba'a buƙatar lasin, je ka yi shi. Aji ne na awa 4 zuwa 6, sai gwajin harbi, a ɗauki zanen yatsu, kuɗin gwamnati dala 40 banda na mai koyarwa, kuɗin da bai kai tayar mota ɗaya ba.

Yanzu zancen 'yan sanda. Abu na farko ka cire ɗabi'ar gida daga kanka, wato a tsayar da kai ka buɗe ƙofa ka fito da fara'a kana ranka ya daɗe kana laluben aljihu. A nan wannan ɗabi'ar tana iya kashe ka. Ka yi fakin, ka kashe mota, in dare ne ka kunna fitilar ciki, ka sauke gilas, hannu biyu kan sitiyari, shikenan ka jira. In ya iso ka faɗa masa a natse cewa kana da lasin kuma akwai makami a jikinka, ka faɗi gefen da take, sannan ka tambaye shi yadda yake so kayi, duk wannan hannunka bai motsa ba. In yace kawo lasin tuƙi ka gaya masa inda walat ɗinka yake ka jira yace ɗauko. Mu masu kaftani sai mun ƙara kula, aljihun gefe daidai yake da inda kuben bindiga ke zama, kai kasan walat kake nema shi kuma abinda idonsa ke gani shine hannu ya nufi ƙugu. Shi yasa nake cewa mutane su ajiye lasin tuƙi da takardar inshora a sama wajen abin kare rana, nesa da ƙugu gaba ɗaya.

Ba tsoratarwa nake ba. Philando Castile a Minnesota, watan Yuli 2016, yana da lasin, an tsayar da shi a mota da budurwarsa da 'yarta ƙarama a baya, da bakinsa ya faɗa wa ɗan sandan yana da bindiga, cikin 'yan daƙiƙu aka harba harsashi bakwai, budurwar ta nuna wa duniya abinda ya biyo bayan harbin kai tsaye a Facebook, a 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Amadou Diallo ɗan Gini kuwa ko bindigar ma bashi da ita, walat ya ciro a ƙofar gidansu a unguwar Bronx ta birnin New York a 1999 aka harba masa harsashi 41. Dokar tana takarda, yatsan ɗan sanda yana kan kunama.

A Texas mai lasin in an nemi katin shaidarsa yana ɗauke da makami doka tace ya haɗa da lasin bindigar ya miƙa. Ɗan sanda yana da ikon ya karɓi bindigar na ɗan lokaci in yana ganin akwai haɗari, ya maido maka in zai sallame ka, to ka bari shi ya zare ta da kansa, kada ka ce bari in ciro maka. Yana da ikon cewa ka fito daga mota, ka fito. In yace zai caje motar kana iya cewa baka amince ba, da baki kawai, in ya yi duk da haka kada ka tare shi, wannan rigimar lauya ce a kotu. Kada ka bada sunan ƙarya. Zaka ga bidiyon wasu a YouTube sun rataya bindiga suna ja-in-ja da 'yan sanda suna karanto musu sashen doka, eh akwai kotunan ɗaukaka ƙara da suka ce ganin bindiga kaɗai a jihar da ta halatta bai isa dalilin tsare mutum ba, amma yawancin masu wannan wasan 'yan ƙasa ne da lauyoyinsu a waya, kai ba sa'anka bane.

Ra'ayina kan ratayawa a fili, ni ban goyi baya ba, musamman gare ka. Baƙin mutum mai gemu da hula da fistol a ƙugu ya shiga kanti, wata tsohuwa ta kira lambar gaggawa ta 911, kuma yadda ta kwatanta ka haka 'yan sanda zasu iso da shirinsu. Ga laifin nuna makami ta yadda zai firgita jama'a, wanda kawai ɗora hannu a kanta lokacin cacar baki na iya jawo maka shi. Sannan ɗan fashin da ya shigo shago kai zai fara dubawa tunda yasan inda haɗarinsa yake. In ka yanke shawarar riƙewa, lasin, horo na gaske ba na yini ɗaya ba, a ɓoye, da akwatin kullewa a gida saboda yara. Kuma in kuɗin dirowa ne kawai suka zo nema ka basu, kuɗin ba naka bane.

In zaka tsallaka jiha ka duba dokarsu kafin ka tashi, lasin Texas baya aiki a New York ko Illinois, a Michigan da North Carolina kuma dole ka sanar da ɗan sanda da kanka ko bai tambaya ba. Zuwa gida hutu da ita kuwa kada ma ka fara, a Najeriya fistol tana cikin jerin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa.

In har ƙaddara tasa aka kama ka kan wani abu da ya shafi bindiga, kayi shiru ka nemi lauya, kuma in aka zo maka da tayin ka amsa ƙaramin laifi ka biya tara ka tafi gida yau, kada ka sa hannu sai lauyan shige da fice ya karanta takardar. Kotun ƙolin Amurka tun 2010 tace wajibi ne lauyanka ya faɗa maka in amsa laifin zai iya jawo kora, ka tambaye shi kai tsaye kuma ka nemi ya rubuta maka amsar.