Tambaya da Amsa: Mazaɓar Amurka da Rifablikan ke riƙe da ita tun 1867

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai mazaɓar ɗan Majalisar Wakilai a Amurka da jam'iyya ɗaya ta riƙe sama da shekara 150. Gaskiya ne? In haka ne, mene ne amfanin zaɓe a can?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gaskiya ne, Malam. Mazaɓa ta 2 ce a jihar Tennessee, wadda birnin Knoxville ke cikinta. Rabon ɗan Dimokurat da kujerar tun 1855, kuma daga 1867 zuwa yau tana hannun Rifablikan.

Asalin abin yaƙin basasa ne. Gabashin Tennessee ƙasar duwatsu ce ta ƙananan manoma, bayi ba su da yawa a can kamar a gonakin auduga na yammacin jihar. Da aka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa daga tarayya a watan Yunin 1861, jihar ta amince, amma kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen gabas suka ce a'a. Bayan yaƙi sai suka bi Rifablikan, jam'iyyar Shugaba Abraham Lincoln, 'ya'ya da jikoki suka gada. Shekarun da kusan duk kudancin Amurka ke hannun Dimokurat, wannan yanki bai motsa ba.

Amfanin zaɓe kuwa yana nan, sai dai ba a babban zaɓen watan Nuwamba ake kokawar ba. Dubi yadda kujerar ta riƙa sauya hannu. A 1918 Richard Austin ya rasa tikitin jam'iyya, J. Will Taylor ya karɓa, ya zauna har ya mutu a 1939. John Jennings da ya gaje shi ya sha kaye a zaɓen fidda gwani na 1950 a hannun Howard Baker babba. Baker ya mutu yana kan kujera a 1964, matarsa Irene ta ƙarasa wa'adin. Daga nan John Duncan ya hau a 1965, ya mutu a 1988, ɗansa Jimmy Duncan ya ɗora har 2019: uba da ɗa, shekara 54. Sai da ɗan ya ce ya gama, sannan Tim Burchett ya samu shiga.

Ka ga ƙofofi uku ne kacal: mutuwa, ritaya, ko fidda gwani. Wannan na ƙarshe shi ne zaɓen gaske. A Tennessee a watan Agusta ake yin sa, ba a rajistar masu zaɓe da sunan jam'iyya, kuma babu zagaye na biyu. Idan 'yan takara bakwai suka fito, mai ƙuri'a mafi yawa shi ya ci, ko bai kai rabi ba. A ganinmu nan ne matsalar take, domin masu fitowa a Agusta ba su kai na Nuwamba ba, ƙalilan ke zaɓa wa mutum kusan 760,000 wakili. Amma tsayayyar kujera kan ba mai ita ƙarfin hali: Jimmy Duncan na cikin 'yan Rifablikan shida kacal a majalisar da suka ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a 2002, bai kuma rasa kujerarsa ba.

Tambaya: To irin wannan tunga ba ta faɗuwa ke nan?

Amsa: Tana faɗuwa, kuma alƙalami ya fi ƙuri'a saurin kayar da ita. Duk shekara goma ana ƙidayar jama'a, a raba kujeru 435 ga jihohi, sannan kowace jiha ta sake shata iyakokin mazaɓunta. A Tennessee, mai kujeru 9, majalisar dokokin jiha ce ke wannan aiki. Mazaɓa ta 5, ta birnin Nashville, ta kasance a hannun Dimokurat tun daga 1875. A 2022 majalisar jiha mai rinjayen Rifablikan ta yanka birnin gida uku, ta haɗa kowane yanki da ƙauyuka da garuruwan kewaye masu zaɓen Rifablikan. Jim Cooper, mai riƙe da kujerar, ya fasa takara, Andy Ogles na Rifablikan ya cinye ta a watan Nuwamba na shekarar.

Don haka in za ka karanta tarihin zaɓen wata mazaɓa, kada lambarta ta ruɗe ka. Fara duba taswira kafin da bayan kowace ƙidaya, domin Mazaɓa ta 5 ta 2020 da ta 2022 sunansu ɗaya, amma iyakokinsu sun sha bamban. Sannan kwatanta ƙuri'un shugaban ƙasa na mazaɓar a zaɓuka biyu na baya da na ƙasa baki ɗaya, kamar yadda ma'aunin Cook, mai auna jam'iyyar da kowace mazaɓa ta karkata gare ta, yake yi. Ƙuri'ar ɗan majalisa mai ci kan haɗa da farin jininsa na kansa, ta shugaban ƙasa ce ke nuna inda mutanen suka karkata.