Injin gilo ko na fetur: wanne zan ɗaura wa babban jirgina mai rimot?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina tashin ƙananan jirage masu rimot, duka da injin gilo, wato mai shan metanol da fulogin zare mai yin ja, ɗaya mai .46 ɗaya mai .60. Yanzu na sayi babban jirgi wanda faɗin fukafukansa ya kai mita biyu, nauyinsa kuma zai kai kilo shida idan an gama haɗa shi. Takardar da ta zo da shi ta ce ko gilo mai 1.60, ko injin fetur mai cc 30. Na saba da gilo, kayan tayar da shi duk ina da su. Amma abokan tashina sun dame ni cewa in koma fetur. Gaskiya ina tsoron nauyi da kuma wutar fulogi da aka ce tana rikita rimot. Wanne za ka ba ni shawara?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba zan ja ka da nisa ba: a jirgi mai wannan girma, fetur zan ɗaura. Da a ce tambayar a kan jirgin da ke ɗaukar .60 ko .90 ce, da na ce ka zauna inda kake. Iyakar da nake bi tana wajen cc 20. Ƙasa da nan gilo ne sarki, daga cc 30 zuwa sama kuwa da wuya ka samu hujjar da za ta tsayar da kai a kansa. Naka ya riga ya tsallaka.

Lambobin nan biyu, 1.60 da cc 30, suna rikita mutane saboda ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Injin gilo da inci ake faɗin girmansa, na fetur da cc. Inci ɗaya na cikin silinda daidai yake da cc 16.4, saboda haka .60 ɗinka cc 10 ne, 1.20 kusan cc 20, shi kuma 1.60 kusan cc 26. Ka ga masu jirgin sun haɗa gilo mai cc 26 da fetur mai cc 30 a matsayin tsara. Da dalili suka yi haka. Idan girman silinda ɗaya ne, gilo ya fi ƙarfi, sai an ɗan ƙara wa na fetur girma kafin su yi kunnen doki.

Asalin bambancin yana cikin man. Man gilo haɗi ne na metanol, da naitro, wato sinadarin naitrometen, wanda a jiragen wasa yakan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, da man shafawa na zurma ko na masana'anta kusan kashi 16 zuwa 20. Kuzarin da ke cikin kilo ɗaya na metanol bai kai rabin na fetur ba. Sai dai metanol ba ya neman iska da yawa kafin ya ƙone: kashi ɗaya nasa na buƙatar iska kashi 6.4 a nauyi, alhali fetur sai an ba shi 14.7. Ma'ana, a duk shaƙar da fistin ya yi, ana iya ƙona metanol fiye da ninki biyu na abin da za a ƙona na fetur. Naitro kuma da tasa iskar oksijin yake zuwa, ya ƙara wa wutar ƙaimi. Daga nan ƙarfin gilo ya fito, daga nan kuma ƙishirwarsa ta fito.

A ƙaramin inji ba ka jin wannan ƙishirwa sosai. .46 ɗinka zai yi maka yini guda da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma 1.60 a cikakken totur, abin da na saba gani shi ne rabin lita ba ta wuce minti goma ba, wani lokaci ma ba ta kai. Injin fetur mai cc 30 kuwa, tanki mai mililita 350 yakan ba shi minti goma sha biyu zuwa sha biyar har ka sauka da saura. Ka haɗa wannan da cewa litar man gilo ta ninka ta fetur tsada sau da yawa kusan a ko'ina, kuma sai an je takanas an nemo shi. Kai ka san sau nawa kake tashi a wata, sai ka yi lissafin da kanka. Mai tashi sau biyar a kowane mako ba zai daɗe ba injin fetur ya mayar masa da kuɗin da ya sa. Wanda kuwa jirginsa ke fitowa sau uku a shekara, wannan hujjar ba ta shafe shi ba.

Batun nauyi da kake tsoro, tsohon labari ne da ya ƙi mutuwa. Injinan fetur na farko da aka riƙa ɗaura wa manyan jirage daga zarton yankan itace da injin aske ciyawa aka ciro su, da ƙaton faifan maganaɗisu a gaba. Waɗannan kam suna da nauyi. Na yanzu irin su DLE na ƙasar Sin, da DA na Amurka, da 3W na Jamus, tun farko don jirgi aka ƙera su, kuma da ɗan akwatin lantarki suke ba fulogi wuta. Akwatin da batirinsa za su ƙara maka giram ɗari biyu ko makamancin haka. A jirgi mai kilo biyu wannan babban kaya ne, shi ya sa na ce ƙasa da cc 20 a bar wa gilo. A mai kilo shida kuwa, man da gilo zai ɗauka fiye da na fetur ya kusa cinye tazarar.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Gilo da matsin salansa yake turo mai, don haka dole tankinsa ya zauna kusa da inji, tsakiyarsa daidai da allurar kafireto. Rabin kilo na mai a hanci, wanda yake ƙarewa kana sama, yana nufin jirgin da ka tashi da shi ba shi ne za ka sauka da shi ba: ka tashi hanci na rinjaye, ka sauka ya yi sakayau. Kafireton fetur irin na Walbro da ɗan famfonsa a ciki, wata siririyar fata ce da bugun iskar cikin inji ke motsawa. Saboda haka kana iya kai tankin baya, kusa da wurin da jirgin ke daidaita a kan yatsu, ya zama ko cike ko wayam halin jirgin ɗaya ne. Kafin ka sayi komai ma, ka haɗa jirgin ka ɗora abu mai nauyin injin a hanci ka gani. Jirage masu gajeren hanci, musamman kwaikwayon jiragen yaƙi na da, sukan nemi a liƙa musu dalma a gaba. In naka irinsu ne, ai gara nauyin ya zama inji da batir da ya zama dalma.

Tsoronka na biyu yana da tushe. Tartsatsin fulogi yana watsa hayaniyar lantarki, kuma a zamanin rediyon 35 da 72 MHz ya kayar da jirage. Rimot na 2.4 GHz ya rage matsalar ƙwarai, amma ni har yau ban saki jiki ba. Akwatin wuta da batirinsa su yi nesa da risiba, na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, santimita talatin in wuri ya ba da dama. Hular fulogi ta zauna daram, don sakakkiyar hula ita ce kan gaba wajen jawo rikici. Sandar da ke jan totur kada ta zama ƙarfe zalla daga inji har ciki. Ka sa makashin wuta da za ka iya kashewa daga rimot, domin in na'urar totur ta maƙale a sama, injin fetur ba zai mutu da wuri ba, sai dai ka yi ta shawagi har tanki ya ƙare. Sannan ka gwada nisan rimot sau biyu, inji a kashe da kuma inji na aiki, wani na riƙe da jirgin. In nisan ya ragu sosai da inji ya tashi, kada ka tashi ranar.

Wasu ɗabi'un gilo kuma dole ka ajiye su. Tiyon silikon da ka saba da shi fetur yana kumbura shi ya lalace, sai ka nemi na Tygon ko Viton, haka marfin robar tanki sai an canja shi da na fetur. Tygon ɗin ma yana ƙandarewa, ka duba na cikin tanki duk shekara. Man haɗi, ka bi abin da mai injin ya rubuta. Yawancin masu bugu biyu tsakanin 30:1 da 50:1 suke, wato fetur kashi 30 zuwa 50 a kan man shafawa kashi ɗaya, masu bugu huɗu irin na Saito sun fi haka son man shafawa. Zafi kuma: metanol mai yawan nan da ke ratsa injin gilo yana sanyaya shi, fetur ba shi da wannan gata. In injin na cikin murfi, ka tsara hanyar da iska za ta bi ta kan silinda, ƙofar fita ta fi ta shiga girma, ninki biyu ko fiye. Girgiza ta fi yawa, don haka a ƙarfafa katakon da ake ɗaure injin, kowane noti a ɗiga masa maganin hana kwancewa. Farfela mai inci 18 ko 19 ba abin wasa ba ce, kada ka juya ta da yatsa tsirara, kuma ka ɗauka a ranka cewa wuta a kunne take ko da ka tabbata ka kashe. Ka riƙa zuwa da abin kashe gobara.

Kada ka ce na yi wa gilo rashin adalci. Tun ƙarshen shekarun 1940 da Ray Arden ya fito da fulogin gilo a Amurka, babu injin da ya kai shi sauƙin gini: ɗan zaren da ke da filatinam, ka ba shi wuta bolt ɗaya da rabi ya yi ja, inji ya tashi ka zare, metanol ya ci gaba da riƙe masa zafi. Babu akwati, babu firikwensin maganaɗisu, babu ƙarin batir da za ka manta ba ka yi caji ba. Yana amsa totur da zafin nama, kuma sautin gilo mai bugu huɗu na O.S. ko Saito a jirgin kwaikwayo, ni kam har yanzu yana sa ni juyowa. Ba ya cika mota da warin fetur, wanda masu ajiye jirgi a cikin ɗaki sun san ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka san sauran labarin: maiƙon da za ka goge a gefen jirgi bayan kowane tashi, wanda a 1.60 ya ninka na .60, da allurar da ke neman a taɓa ta duk lokacin da yanayi ya sauya, da metanol mai jan danshi ya tsatsar da boris in ka manta ba ka ƙone ragowar mai ka ɗiga man ajiya ba. Allurai biyu na kafireton fetur, H ta babban gudu da L ta ƙaramin gudu, in ka daidaita su bayan injin ya gama horuwa, kana iya yin watanni ba ka waiwaye su ba.

Abu biyu ne za su sa in janye shawarata. In ka auna ka ga murfin injin jirgin siriri ne har sai ka yanke rabinsa kafin kafireto da salansar fetur su shiga, ko kuma jirgin ya riga ya rinjaya gaba tun ba a sa batir ba, to ka ɗaura 1.60 ɗin. In ba haka ba, ka nemi mai cc 30 zuwa 35 wanda ake samun kayan gyaransa, ka duba tsawonsa daga katako zuwa mazaunin farfela ya dace da abin da takardar jirgin ta ce, ka ƙona tanki biyu ko uku a ƙasa jirgin na ɗaure kafin tashin farko.