Muryar da Baba na Madina ya turo group kan ɗan ƙwaron da ke zubar da dabino

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Toh ƙanena na Buraida, naga hoton daka turo, kace wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta yana taruwa a jikin fitilar mazra'a, wato gona, da daddare, sannan kuma 'ya'yan dabino ƙanana suna ta zubowa jajaye a gindin bishiya, kana tambaya ko abu biyun nada alaƙa. Suna da ita mana, ai uwa ce da ɓarnar 'ya'yanta. Hoton bai fito sosai ba amma yadda ka kwatanta da kuma lokacin da muke ciki, wannan humaira ce, haka manoman nan suke ce mata, in ka faɗa wa kafilinka, wato mai gidan da kake wa aiki, wannan sunan nan take zai gane.

Bari in gaya maka kamanninta dan ka tabbatar da idonka. Ƴar mitsitsiya ce wallahi, in ta buɗe fukafukai gaba ɗaya bata wuce milimita 10 zuwa 14, in kuma ta naɗe su sai ka ɗauka ɗan ƙaiƙayi ne ya maƙale a bango. Jikinta siriri ne dogo, launinta ƙasa-ƙasa mai ɗan haske da ɗigo-ɗigo masu duhu, fukafukan kuma ƴan sirara ne da gashi mai laushi a gefensu, musamman na baya. Da rana baka ganinta, tana lafe cikin lifi, wato zaren nan da ke naɗe a jikin bishiyar, da gindin rassa, sai bayan magariba take fitowa, shi yasa mutum zai shekara yana aiki a gona bai san da ita ba, ɓarnar kawai yake gani. Masu ilimin ƙwari suna ce mata Batrachedra amydraula, wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Meyrick ne ya fara rubuta bayaninta a 1916, na faɗi wannan ne saboda yaranmu na group masu bincike a waya.

Inda take kuma, kusan duk yankin dabino na gabas tana nan, nan Saudiya, Yaman, Oman, Imarat, Iraƙi, Iran, har can wajen Indiya da Bangladesh, ta ɓangaren Afirka kuma akwai ta a Masar da Libiya. Mutanen Basra sun sha wuyarta sosai. Toh kaga ba gonarku kaɗai ta samu ba, kuma ba sakacinka ne ya kawo ta ba, kada wani ya ɗora maka.

Yanzu ga inda nakeso ka saurara da kyau. Ita uwar bata cin dabino, ƙwai kawai take sakawa a jikin ƴaƴan da sandunan da suke rataye a kai, shamruk ɗin nan, bayan an gama talƙihi, wato barbarar furen dabino, 'ya'ya sun fara kamawa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa ta fito, fara-fara mai kai ruwan ƙasa, sai ta huda ɗan dabinon ta wajen hularsa ta shige ciki, ta cinye naman da ƙwallon tun yana da taushi, ta fito ta koma na kusa dashi, tsutsa ɗaya sai ta lalata da yawa. Wanda ta ci sai ya daina girma ya bushe yayi ja, wani ya faɗo wani kuma ka ganshi yana reto a jikin zare siriri da tsutsar ta saƙa. Dan Allah gobe da safe kafin rana tayi zafi ka ɗebo na ƙasan nan ka duba, in kaga ƴar huda kusa da hula, da ɗan baƙin kashi, da zare, ka fasa kaga ciki fayau, toh babu shakka ita ce. In kuwa ɗan ya faɗo lafiyarsa ƙalau ba huda, wannan wata magana ce daban, ko ban ruwa ne bai daidaita ba ko talƙihin ne bai kama ba, kada a je a ɓarnatar da magani a banza.

Kuma ba zuwa ɗaya take ba, kamar zubi uku take yi a shekara, daga wajen Maris har cikin Yuni. Na ƙarshen su basa mutuwa, tsutsar ce take naɗe kanta cikin saƙa ta ɓuya a lifi da gindin rassan da aka sare, ta kwana a can har sanyi ya wuce, baɗi ta fito. Wannan ne abinda yake damuna da gonaki da yawa, sai an ga ja a ƙasa ake tashi neman feshi alhali tsutsa ta riga ta shige cikin ɗa maganin ma baya kai mata yadda ya kamata. Aikin gaske da sanyi ake yinsa, a gyara bishiya, a cire tsofaffin zangarniyoyi da busasshen dabinon daya maƙale tsakanin rassa. Na bana kuma wanda ya zube a kwashe shi kullum a binne ko a ƙone, kada a bari a gindi. Akwai tarkon fitila da tarkon feromon, mai ƙamshin da ke jawo mazan ƙwaron, da ake ratayawa dan a san ranar da ta fara tashi, wasu suna rufe zangarniya da raga, a wasu wuraren ma har wani ɗan ƙwaro suke saki mai suna Trichogramma yana lalata ƙwanta. In za'ayi feshi a tambayi muhandis na ofishin gona, kuma kai da zaka hau bishiyar kasa safar hannu da takunkumi, kada kunya ta hanaka nema.

Wani a group yace ko susa hamra ce, a'a ɗan'uwa, waccan babban ƙwaro ne ja mai dogon baki, cikin gangar bishiya yake ci har ya kashe ta, ita humaira amfanin shekara take ci bishiyar na nan. Ƙanena in ka fasa ka samu tsutsar ka ɗora ta a tafin hannu ka ɗauko mana hoto da haske, ka kuma faɗa mana wane irin dabino yafi zubowa, sukkari ne ko wani. Allah ya bada sa'a, a gaida mutanen Ƙasim.