Gonar goron da maigida ya bari: wa zai riƙe ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara uku ƙanana, maza biyu da mace ɗaya, kuma mahaifiyarsa na raye. Akwai gida a Agege da gonar goro wajen Ifo, wadda surukina ya saya tun zamanin Turawa. Ƙanin maigidan ya karɓe gonar, wai mace ba ta gadon ƙasa. Ina mafita? Daga mai takaba, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Hajiya, fara da tambaya ɗaya: an taɓa raba gadon surukinki? Nan yawancin rigimar tsofaffin gonakin nan take. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912 fataken goro suka cika Agege, wasu suka mallaki gonaki, magada suka yi ta ci tare ba rabo. In haka ne, ƙanin yana da haƙƙi a gonar mahaifinsa, sai a fara fitar da kason mijinki. Amma a dukiyar mijinki ba shi da ko ƙwayar goro, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa.

Bayan jana'iza, bashi (har da ragowar sadakinki) da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, a kasa dukiyar kashi 120. Naki tumuni ne, 15. Mahaifiyarsa 20, kowane ɗa 34, 'yar 17. Batun mace ba ta gadon ƙasa kuwa, aya ta 12 a Suratun Nisa'i ba ta ware ƙasa ba.

Riƙon dukiyar marayu daban yake da gado. In bai naɗa ki wasiyyiya ba, wato wadda ya bar wa amanar kula da dukiyar bayan rasuwarsa, nemi takardar izinin kula da gado daga sashen gado na Babbar Kotun Legas a Ikeja. Tun da akwai ƙananan yara, sai mutum biyu aƙalla, don haka zaɓi amintacce. Ifo tana jihar Ogun, dole a kai takardar can a sake buga mata hatimi. In malaman Zangon Agege suka yi rabon, a rubuta shi, kowa ya sa hannu gaban shaidu.

Kada a tsaga gonar, bishiyoyi ba sa haihuwa daidai. A raba kuɗin amfani duk kaka, bayan an cire na leburori. Buɗe littafi: kwando nawa aka tsinko, huhu nawa aka ɗaure, nawa sankara ta ɓata. Kada ki yarda dillali ya saye goro a kan bishiya tun bai ƙosa ba. Shari'a ta hana, kuma marayu ke faɗuwa.

Takardar sayen asali da taswirar safiyo, ko sun yi ja sun yayyage, ɗauki hotonsu yau, ki kai ainihin wurin lauya.